Ranar da Chindo Ya Bi Sawun Wule

A ƙauyukan bakin Gulbin Maradi, tun daga Tsibiri har ka gangara yamma wajen Gidan Rumji, in ka ce Chindo sai a tambaye ka wanne. In ka ce Chindo Mai Sawu kuwa, kowa zai nuna maka gidan. Gajeren mutum ne, baƙi, mai tsagen Gobir, kullum kansa a sunkuye. Baƙo kan ɗauka ladabi ne. Ina ladabi, ƙasa yake karantawa. Bai taɓa leƙa lakol, makarantar boko, ba, amma in ya dubi rairayi zai gaya maka jakin wane ne ya wuce, da kaya ko ba kaya, da kuma ko mai jakin ya makara.

Gadon gidansu farauta ne. Ubansa ya harbi barewa a inda yanzu ake noman tumatir da injin ban ruwa. Kafin Chindo ya yi gemu gonaki sun cinye dajin, sai zomo da gafiya suka rage, don haka ya juya idon da ya gada kan dabbobin da suka ɓata da waɗanda aka ɓatar. Noma yake yi kamar kowa, gero da wake. Bin sawu kuwa ba ya yanka masa lada, abin da mai dabba ya kawo shi ke nan, goro ko damin hatsi. Abin da bai bari ba na mafarauta shi ne karnuka. Yana da tsohuwar karya ja, Ƙyale-Su, da ɗanta Wa-Ya-Sani, kuma sunayen nan amsa ce ga maƙwabtan da ke cewa dattijo mai salla a sahun gaba bai kamata ya riƙa yawo da karnuka ba.

Akwai tsohuwar al'ada a ƙasar da ta sa ake shakkarsa. In aka saci dabba, aka biyo sawu har ya shiga wani gari, mai sawu zai kafa sandarsa a bakin garin. Daga nan nauyi ya koma kan mutanen garin, ko su nuna inda sawun ya fita ta wancan gefe, ko su fito da dabbar da wanda ya kawo ta. Cikin shekara talatin da wani abu sau goma sha ɗaya Chindo ya kafa sanda, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa cewa ya kafa a banza ba.

Shekara biyu ke nan da idon ya fara. Na hagu ne ya soma, kamar hayaƙin ɗanyen itace ya tsaya a ɗaki, sannan na dama ya bi sahu. Yanzu mutane yake gani dishi-dishi, da murya yake gane su. Ƙasa kuwa, wadda ta yi shekara hamsin tana ba shi labari, ta zama launi ɗaya. Matarsa Zulai ce ta fara ganewa, ranar da ya kai hannu zai ɗauki buta ya cafko kaza. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya shirya su je Maradi likita ya cire yanar. Ya ce sai bayan kaka. Kaka ta wuce, ya ce sai an sussuke wake. Gaskiyar magana tsoro yake ji, don ya san in aka gan shi a layin masu ciwon ido, labari zai riga shi isowa gida. Sau biyu aka zo masa da ɓatan akuya a wannan tsakani, hancin Ƙyale-Su ya yi aikin, shi ya karɓi godiya.

Amininsa Bakari Bafillace ne, rugarsu na kan tudu bayan ƙauyen. Da rigima suka san juna. Suna samari shanu suka cinye wa Chindo wake, ya biyo sawunsu har ruga da gora a hannu, ya tarar da mai kiwon kwance zazzaɓi na kaɗa shi. Wanda ya zo duka ya ƙare da jiƙa magani. Tun daga ranar Bakari ke ce masa Kaɗo, shi yana ce masa Agwai, matansu kuma na musayar gero da nono. In magana ta yi nauyi kuwa, Bakari kan ce masa soba am, wato abokina da Fulatanci.

Wata safiya bayan an gama ɗebe hatsi, lokacin da garkuna ke saukowa cin kara, Bakari ya yi sallama a ƙofar gida rana ba ta gama fitowa ba. Ya gaida Chindo, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi karnuka. Chindo ya san mutumin da ya tambayi lafiyar karnuka da sassafe akwai abin da ke cinsa.

"Agwai, bar zagaye-zagaye. Mi ya hwaru?"

Bakari ya ajiye masa guntun igiya a cinya. An yanke ta da wuƙa.

"Wule ce, soba am. An kwance ta."

Chindo ya shafa bakin igiyar. Sauran shanun da Bakari ke kiwo na 'yan kasuwar Tsibiri ne. Wule mai farin goshi ita kaɗai ce tasa, ita ce ƙarshen irin shanun ubansa, ga ta da tsohon ciki. Matarsa Inno har ta wanke ƙwaryar tatsa ta kife tana jiran haihuwa. Daga nan zuwa iyakar ƙasa tafiyar yini ce ga saniya mai nauyi, kuma dabbar da ta tsallaka iyaka sai dai a yi wa mai ita jaje. An buga wa jandarma masu tsaron hanya waya, sun ce za su sa ido a kan kwalta, amma ɓarawon saniya ɗaya ba ya bin kwalta.

Abin da ya kamata Chindo ya faɗa a fili yake. Akwai Ɗan Azumi a Gidan Sori, magidanci mai kaifin ido, ga shi da babur. Maganar ta zo har bakinsa. Zulai ta yi tari sau biyu daga bayan zana, irin tarin da ba mura ke kawo shi ba. Sai ya ji kansa yana cewa:

"Zulai, miƙo mini sandata."

A ruga ya durƙusa inda aka ɗaure saniyar. Wurin da danshi, sawu ya zauna daram. Ya sa yatsu yana shafawa, kamar mai son jin ko sabo ne. Tun tana maraƙa ya san kofaton Wule na baya na hagu da ɗan ɓalli a gefe, kuma ga shi nan yatsansa ya faɗa ciki. Kusa da shi akwai takalmin roba mai cinyayyen dunduniya.

"Mutum guda ne," ya ce da ƙarfi don na kusa su ji. "Takalmin roba gare shi. Ya gangara gulbi, ya yi yamma."

Ya shinshina wa Ƙyale-Su guntun igiyar. Ta yi ɗan kewaye, ta sa hanci ƙasa, ta kama hanya. Chindo ya bi jan abin da ke motsi a gabansa, Bakari na gefensa da gorar fura a kafaɗa.

Ruwan gulbi ya janye, sai rairayi da 'yan tafkuna nan da can. Hanya ta bi gaɓa, wani wuri ta sauka cikin yashi, wani wuri ta hau ta ratsa lambuna. Chindo ya san kowace kwana da ƙafa. Ya ji ƙarar injinan ban ruwa, ya ji warin ganyen tumatir da aka taka, ya ji ganyen giginya na kaɗawa a sama. Mata masu wanki a bakin rijiyar da aka tona cikin yashi suka ɗaga murya.

"Mai Sawu, yau kuma wa ya shiga uku?"

"Wanda ya jawo wa kainai," ya amsa, har da ɗaga sanda.

Duk inda ya ji danshi a tafin ƙafa sai ya durƙusa ya shafa. Sau huɗu yana samun ɓallin. A na huɗun har da kashin saniya bai gama bushewa ba, ya murza ya ce ba su yi nisa ba, cikin ya hana ta sauri. Zuciyarsa ta ɗan saki. Suka zauna ƙarƙashin wani gawo suka sha furar Inno, aka zuba wa karnuka saura a ɓallin ƙwarya.

"Kaɗo, karnukanka sun hi ka cin abinci," in ji Bakari.

"Sun hi ni aiki kuma," in ji Chindo. Bakari ya yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Rana na tsaka suka iso babbar mashaya. A nan duk garkunan da suka sauko cin kara ke shan ruwa, kuma a safiyar nan kaɗai shanu ɗaruruwa sun tattake wurin. Sawun giwa ya taka na raƙumi. A da, irin wannan ba ya ɗaga wa Chindo hankali. Yakan kewaye wurin daga nesa, ya yanko sawun a inda ya fita, kafin a gama cin goro ɗaya. Yau ma ya kewaya, amma da gwiwa. Yashin ya bushe ya yi zafi, duk sawun da ya taɓa sai ya ruguje a ƙarƙashin yatsa. Ya dubi inda Ƙyale-Su take. Warin shanu ya ruɗa ta, ta je ta kwanta cikin laka tana haki.

Hanya biyu ce ta fita daga mashayar. Ɗaya ta ci gaba da bin gulbi zuwa iyaka, ɗaya burtali ne da ya hau gaɓa ya yi arewa. Yana durƙushe, gumi na shiga masa ido, sai Wa-Ya-Sani ya yi haushi ya haura burtali a guje. Chindo ya lallaɓa wajen, ya shafa wani sawu, ya ji kamar akwai ɓalli, kamar kuma babu.

"Ina munka nuhwa, soba?" Bakari ya tambaya a hankali.

Chindo ya nuna burtali da sanda. Bakari ya waiwayi hanyar gulbi, sannan ya ce, "To."

Ba su yi tafiyar rabin awa ba Wa-Ya-Sani ya dawo da harshe waje, hancinsa duk ƙasar rami. Gafiya ya bi. Chindo ya shafa kan karen, ya ji ƙasar, ya gane komai. A nan ya kamata ya tsaya ya ce su koma. Amma ta yaya mutum zai ce wa amininsa na kawo ka nan a kan sawun gafiya? Ya ce wa kansa ɓarayi kan yi haka, su ɓoye dabba a wani gari har ƙura ta lafa. Ya ce wa kansa ai akwai sawun shanu a burtalin, wa ya san ko nata na ciki. Ƙafafunsa suka ci gaba da tafiya. Tausayin Bakari ya kama shi, haushin kansa ya kama shi, kuma duk cikinsu ba wanda ya buɗe masa baki. Bakari ma ya daina tsokana.

Da la'asar burtalin ya kai su bakin wani ƙaramin gari, wajen rijiya. Masu jan ruwa na ganin gajeren dattijo da karnuka biyu da Bafillace mai guntun igiya suka saki guga. Kafin ka ce kwabo gari ya taru. Mai garin, wani dattijo Harouna, ya fito yana gyara rawani, aka gaisa sama-sama.

"Chindo, ubana ya shaide ka, ni ma na shaide ka," in ji Harouna. "In ka ce ta shigo, ta shigo. Kahwa sandarka, mu kuma mu yi abin da ya wajaba."

Tun bai rufe baki ba aka fara gunaguni a baya. Chindo ya ji ana ambaton wani Jaye, wanda aka taɓa kamawa da akuya tun yana saurayi. Ya ji an jawo mutum gaba, ya ji riga ta yage, ya ji wata mata ta fasa kuka.

"Wallahi yau ko bakin rijiya ban zo ba," in ji Jaye. "Ku tambayi iyalina. Zana nike saƙa tun sahe."

Ba wanda ya saurare shi, kowa sandar Chindo yake kallo. Shi kuwa ya san abin da zai biyo baya in ta shiga ƙasa. Za a yi wa mutumin nan dukan kawo wuƙa, a kai shi ga jandarma, 'ya'yansa su tashi da sunan. Ya ɗaga sandar. Sai ya sauke ta, ya kwantar da ita a ƙasa.

"Ku sake shi," ya ce. "Ban san ko ta shigo nan ba. Tun mashaya sawu ya ɓace mini. Jama'a, ba ni gani. Shekara biyu ke nan ba ni ganin ƙasa."

Harouna ya yi salati a hankali. Aka saki Jaye, ya tsaya yana haɗa yagaggiyar rigarsa, ba wanda ya ba shi haƙuri. Wani mai waya ya shiga buga wa 'yan uwansa na garuruwan bakin gulbi. Kafin magariba amsa ta zo. An ga wani mutum da saniya mai farin goshi da tsohon ciki, wajen azahar, yana jan ta tana turjewa, ƙasa kaɗan da mashaya. Da la'asar kuma an gan su sun wuce garin ƙarshe kafin iyaka. Ashe lokacin da Chindo ke rarrafe a cikin yashi, tsakaninsu da Wule bai kai tafiyar awa ɗaya ba.

Suka kwana a zauren mai gari. Da safe Harouna ya ce a kai su gida a babur, Bakari ya ce karnuka ba su hawa babur, za su taka.

Suka tako har mashaya. A nan Chindo ya tsaya.

"Bakari," ya ce, kuma rabon da ya kira shi da sunansa har ya manta. "Na cuce ka. Ka yahe mini."

Bakari ya daɗe yana kallon hanyar gulbi.

"Na sani tun bara, soba am."

"Ka san mi?"

"Idonka. Ran kasuwar Tsibiri na tsaya gabanka, ka ce mini malam gahwara in wuce."

Chindo ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ashe ana ganin wuyan biri ake ɗaure shi a ƙugu.

"To don mi ka zo gare ni? Ga Ɗan Azumi nan da babur!"

"In na wuce ƙoharka na tahi Gidan Sori, mi gari za shi ce kahin azahar?" Bakari ya juya guntun igiyar a hannu. "Na ce ko karya ta kai mu. Kuma nan wurin, jiya, na ga wani sawu ya yi gulbi, kamar nata. Ban tabbata ba. Na ce shekara talatin Chindo bai yi kure ba. Na ce kuma in na yi magana, za ka gane na sani. Bakina ya yi nauyi."

"Agwai, saniyarka guda!"

"Guda," in ji Bakari. "Ka ji kunyata, na ji kunyarka. Wule ta tahi."

Wannan wauta sai dattawa masu mutunci, mara kunya ba ya yin irinta. Da ɗayansu ya yi rashin kunyar minti ɗaya a wannan wuri, da yanzu saniya na gabansu tana tafe da cikinta. Chindo ya so Bakari ya zage shi, ko ya ɗaga sanda ya kwaɗa masa, da ya fi sauƙi. Bakari bai yi ko ɗaya ba. Ya share fuska da gefen rawani, ya ce rana na yi, su tafi.

Wajen gangara gaɓa Chindo ya yi tuntuɓe da saiwa ya faɗi a kan gwiwa. Jiya ma ya bi ta nan bai faɗi ba, amma jiya yana da abin da yake riƙewa. Ƙyale-Su ta zo tana lasar masa hannu. Da ya ɗago sai ya ji wani abu ya taɓa masa yatsu. Ƙarshen sandar kiwon Bakari ce. Duk ƙasar nan an san mutumin da ake ja da sanda, kuma an san sunan da ake kiransa. Chindo ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya kama.

Haka suka biyo gulbi da rana tsaka, Bakari a gaba, Chindo a baya, karnuka na biye. Suka wuce lambuna, suka wuce giginyu. Matan nan masu wanki na wurinsu na jiya, amma yau ba wadda ta ɗaga murya. Da suka kusa tudun ruga Bakari ya ɗan ja sandar, don ya karɓe ta kafin a gan su. Chindo ya ƙara damƙewa.

"Bar ta," ya ce. "Abin da za a gani an riga an gani."

Inno na tsaye a bakin ruga. Chindo bai ga fuskarta ba, farin zanenta kawai ya gani, ya ga kuma ta ɗan karkata tana duba bayansu. Mutum biyu ne da karnuka biyu. Ba ta tambayi komai ba. Ta ce sannunku da hanya, ta shiga bukka, ta fito da ruwa a ƙwaryar nan da ta wanke don tatsa. Chindo ta fara kawo wa, don shi ne baƙo. Ba ta miƙa masa daga nesa ba kamar yadda ake miƙa wa mai ido. Ta kai ƙwaryar har ta taɓa yatsunsa, ta jira sai da ya riƙe da hannu biyu sannan ta saki. Ashe ita ma ta sani. Ya kai ƙwaryar baki.